Ummu Azab da Matar Cikin Gilashi

Idan mace ta rasu a ƙauyukan da ke yamma da kogi, ba a tsayawa shawarar wa za a kira. Ummu Azab ake aika wa. Sunanta na yanka Bahiyya, amma rabon da a ji wani ya kira ta da shi tun ranar da ta haifi ɗan farinta Azab, yau shekara arba'in ke nan. Doguwa ce, busasshiya, hannayenta manya kamar na mai saran rake, kuma fara'a ba ta dame ta ba. Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka da shi take fushi. Wankan gawa ta koya a hannun gwaggonta, wadda ta fara jan ta tana riƙe mata buta tun tana 'yar shekara goma sha bakwai. Ba ta karɓar komai a kan wannan aiki. Ko shayin gidan mutuwa ba ta sha sai ta gama, ta wanke hannu, ta fito.

Abin da take ci da shi kuwa shara ce. Da ciwon hanta ya ɗauke mijinta, wani ɗan'uwansa ya samo mata aikin share-share a ƙaramin gidan tarihin garinmu, can gabas da kogi. Kullum da sassafe za ka gan ta a jirgin fito, a kujerar nan ta kusa da injin da kowa ke gudu saboda hayaƙi, da ƙullin burodi da cukui a cinya.

Ranar da ta fara, aka miƙa mata bokiti da tsumma aka ce ta soma daga ɗakin ƙarshe. Babu ɗan albarkar da ya gaya mata abin da ke ciki. Ta tura ƙofa, ta ga akwatunan gawa na katako jingine da bango, masu zane-zane, duk babu kowa a cikinsu. A tsakiyar ɗakin kuma ga mace kwance cikin akwatin gilashi. Ɓarayin kabari na can zamanin da sun yayyage naɗin da danginta suka yi mata suna neman zinariya, suka bar ta daga ƙirji zuwa sama a buɗe, daga gwiwa zuwa ƙasa a buɗe. Ga kitsonta ƙanana-ƙanana har yanzu a kanta, ga farcenta. Bokitin ya suɓuce daga hannun Ummu Azab. Kafin ta san abin da take yi ta riga ta yi sallama, ta fizge mayafinta ta nufi matar za ta rufe ta, sai hannunta ya bugi gilashi.

Am Gad, mai gadin ɗakin, wani gajere mai gashin baki wanda bakinsa ba ya hutawa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya lafa, ta nuna masa ɗan kwalin da ke manne a jikin akwatin ta ce ya karanta mata, don ita ba ta yi boko ba. Ya karanta: mumiya, mace, lamba goma sha huɗu. Ta tambaye shi sunan matar, ya ce babu suna, an tsince ta ba akwati ba rubutu, lambar nan ita ce sunanta. Ummu Azab ta ce lamba ta gida ce da mota, ba ta taɓa jin uwar da ta haifi 'ya ta raɗa mata goma sha huɗu ba. Daga ranar ta koma kiranta Sitt, yadda muke kiran duk matar kirki da ba mu san sunanta ba.

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin nan, kuma ba ta taɓa sauya tsarinta ba. Ta shiga da sallama. Ta ajiye bokiti ta wajen ƙafafu, ba ta wajen kai ba. Idan za ta goge gilashi sai ta fara daga dama, idan ta iso saitin fuska ta ce, "Da izininki, ya Sitt." Idan an yi rashi a ƙauye ta makara, sai ta gaya mata dalili. Am Gad ya mayar da abin wasa: kullum sai ya tambaye ta ko ƙawar tata ta amsa yau, ko dai har yanzu gaba take yi da ita. Wata rana ya ce mata ta ji tsoron Allah, mace mai salla tana gaishe da mutanen Fir'auna. Ta ce masa hisabi ba aikinta ba ne, kuma ba aikin mai gadi ba ne. Ita dai abin da ta sani, wanda ya halicce ta shi ya halicci matar nan, kuma duk wadda ta mutu tana da haƙƙin sutura a kan masu rai. Am Gad ya ce to ya ji, ya koma wajen shayinsa.

Ba ta hana kowa kallo. Abin da ba ta bari ya wuce shi ne bakin mutane. Yaran makaranta su shigo suna nuni suna tambayar mene ne wannan abin, sai ka ji muryarta daga lungu, ba tsawa ba hayaniya, tana cewa ba abu ba ne, mata ce, ku ce wace ce. Kuma abin mamaki, sai ka ga yaran sun rage murya. Manya ne masu wuyar sha'ani.

Cikin manyan kuwa babu kamar Shazli, wani mai yi wa baƙi jagora, mai man gashi da baƙin tabarau. Mutumin nan Allah ya ba shi harsuna huɗu, amma bai ba shi kunya ko da guda ba. Idan ya kawo baƙi ɗakin ƙarshe sai ya sa su yi shiru, ya laɓaɓo ta bayansu ya yi gurnani, mata su yi ihu, a kwashe da dariya. Yana kiran matar bandar kifi, yana kiranta tsohuwa sha huɗu. Ummu Azab ta yi masa magana a gefe ya fi sau nawa. Khala yake kiranta, wato inna, sai ya ce mata, haba Khala, wadda ta shekara dubu biyu tana barci ai ba za ta kai ƙara ba.

Wata ranar Talata cikin sanyi ya shigo da samari da 'yammata daga jirgin yawon buɗe ido. Ya ce wa wani saurayi ga amarya ya samo masa, ba sadaki ba surukai. Saurayin, shi ma wawa, ya kwanta bisa gilashin ya turo baki saitin fuskar matar, abokansa suka ɗaga wayoyi. Ummu Azab tana tsugune tana goge ƙasan bango. Ta miƙe, ta cire baƙin mayafinta na sama, ta ture saurayin da kafaɗa kamar yadda ake ture akuya daga bakin tukunya, ta shimfiɗa mayafin bisa gilashin tun daga kai har ƙafa. Sannan ta tsaya a gaban akwatin ta harɗe hannu. Shazli ya yi lallashi, ya yi barazana, ya yi rantsuwa da kabarin ubansa. Ta yi kunnen uwar shegu da shi. Sai da suka fice gaba ɗaya ta ɗauke mayafin ta ninke.

Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin gari, kamfanin jirgin ya kawo ƙara, washegari kuma aka ce shugaba yana kiranta.

Shugaban, Dakta Ra'fat, wata huɗu ke nan da aka turo shi daga arewa. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai ilimi, mai son doka, wanda ya tarar da gidan tarihi yana yoyo ya ɗauri aniyar gyara shi. Bai ba ta kujera ba. Ya ce mata nan gidan ilimi ne, ba maƙabarta ba. Mutane daga nisan duniya suke zuwa don su gani, ba don a rufe musu ba. Kuma ma'aikaciyar da ta sa hannu ta ture baƙo ta ci a kore ta. Ya ce ya samu labarin har gyara wa mutane magana take yi. Ya buga hannu a kan wasu takardu ya ce ga su nan, daga ƙasashen waje, wai a daina cewa mumiya a koma cewa kaza da kaza. Waɗanda suka kwashe matattunmu suka cika gidajensu da su, yau su ne za su koya mana ladabi. Kalmar nan tana cikin kowane littafi, shi bai ga aibinta ba.

Ummu Azab ta bar shi ya gama. "Ni ban san abin da ke cikin takardunka ba, ya Dakta," in ji ta. "Kalmar ma ban da faɗa da ita. Amma na lura, duk wanda ya fara kiranta da lamba, ba ya jimawa sai ya kira ta kifi. Wanda ya kira ta kifi kuma, kwanciya a kanta ba ta yi masa wuya."

Ya ce bai kira ta don wa'azi ba. Don shekarunta ba zai kore ta ba, saura shekara guda ta yi ritaya. Amma daga gobe aikinta ya koma lambu da bayan gida, kuma ƙafarta kada ta sake taka ɗakin ƙarshe.

Wanke bayan gida bai dame ta ba ko kaɗan; matar da ta shekara arba'in tana wanke matattu ba ta ƙyamar komai na ɗan Adam. Ɗakin ne ya tsaya mata a rai. Wa zai yi wa Sitt sallama? Wa zai ce wa yara ba abu ba ne? Ta san idan ta yi ritaya a haka, shi ke nan, matar za ta ci gaba da kwanciya a buɗe ƙarƙashin lambarta, Shazli yana gurnani a kanta har ya tsufa. A jirgin fito ranar, matan ƙauyensu suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Ummu Azab tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce musu hayaƙin injin ne.

Kwana goma sha biyu ta yi a lambu. Akwai wata 'yar taga can sama a bangon ɗakin ƙarshe, kullum da safe sai ta ja tsintsiyarta zuwa ƙarƙashinta ta yi sallama a hankali. Am Gad ya daina tsokanarta, abin da ya fi tsokanar ciwo. Shi yake kawo mata labari yana sunkuyar da kai: sabon mai sharar yana ɗora bokitinsa bisa gilashin, saitin ciki, Shazli ya ƙara sabon wasa. Ustaza Damyana, 'yar Kibɗawa, Kiristocin ƙasarmu, mai kula da lafiyar kayan tarihi, ta shiga wajen shugaba ta roƙa mata. Ta tuna masa ita kanta ta daɗe da rubuta cewa a lulluɓe matar cikin gilashin da yadin lilin, takardar tana nan an danne. Ya ce mata akwai rufin da ke yoyo, ta bar shi ya ji da abin da ya fi muhimmanci.

Dakta Ra'fat yana da uwa, Hagga Nabawiyya, Hajiya ke nan a bakin mutanenmu, wadda ta biyo shi kudu don ta yi sanyin bana inda rana take, saboda ciwon gaɓoɓi. Su biyu ne a gidan; matarsa tana arewa da yara 'yan makaranta. Ran kwana na goma sha uku da safe tsohuwar ta yanke jiki ta faɗi a kicin, kafin hantsi ta cika a asibiti. Ma'aikatan gidan tarihi suka rufe abin da za su rufe suka tafi asibitin gaba ɗaya, kamar yadda aka saba.

Am Gad ne ya ga abin da ya faru a can, kuma shi ya baza shi. Suna tsaye a baranda, Dakta ya yi zuru kamar ba ya gane kowa, sai wani ma'aikaci ya leƙo daga ɗakin ajiye gawa da takarda a hannu, yana tauna wani abu, ya ɗaga murya ya ce masu lamba bakwai su zo su ɗauki tasu, ana buƙatar wurin. Dakta bai gane da shi ake ba sai da aka maimaita. Ai kuwa mutumin nan mai doka da oda ya yi tsalle ya ci kwalar ma'aikacin, yana girgiza shi yana cewa sunanta Nabawiyya, ta yi aikin hajji, ta haifi mutum shida. Da ƙyar aka ɓamɓare hannunsa. Shi kuwa ma'aikacin sai mamaki yake yi, yana cewa shi me ya faɗa, ai abin da ke rubuce ya karanta.

Aka kai ta gida. Za a tafi da ita arewa a binne ta kusa da mijinta, tafiyar awa goma, kuma ba a ɗaukar mamaci irin wannan tafiya ba wanka ba likkafani. 'Yan'uwansa mata duk suna can. Ya dubi mutane ya ce wa zai yi? Am Gad ya yi gyaran murya ya ce, ya Dakta, duk yankin nan mutum ɗaya ce ake kira, kuma ka san ta. Fuskar Dakta ta sauya. Ya ce ba za ta zo ba. Am Gad ya ce ashe dai bai san ta ba.

Ta zo kafin azahar, da jakarta mai garin magarya da kafur da tsummoki masu tsafta, matar Am Gad na biye da ita don riƙe buta. Ba ta dube shi da wani ido ba, ba ta ɗauko zancen lambu ba. Ta yi masa ta'aziyya yadda ake yi wa kowa, sannan ta tambaye shi sunan mahaifiyarsa, da yadda take son a kira ta. Ya ce Hagga, amma jikokinta Teta suke ce mata. Ta sa aka ɗumama ruwa, ta gwada shi da gwiwar hannu kamar na jariri, ta ce a ƙara na sanyi. Ta shiga ta ja ƙofa.

Babu kujera a wajen, sai ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, da kwat ɗinsa da komai. Ƙofar ta katako ce marar kauri, ana jin duk abin da ake yi.

"Salamu alaikum, ya Hagga Nabawiyya. Ni ce Ummu Azab. Ba ki san ni ba, amma ki kwantar da hankalinki, a rufe kike, ba mai ganinki."

Ƙarar ruwa. Can kuma, "Zan juya ki dama, ya Hagga, ki yi haƙuri. Na san gwiwar nan tana damun ki, a hankali za mu bi." Ta gaya mata lokacin da za ta tsefe mata kai, ta gaya mata lokacin da za ta kama mata shi gida uku. Ta ce mata ɗanta yana nan bakin ƙofa bai tafi ko'ina ba. Da Dakta ya ji wannan sai ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin wanda bai yi ba a asibiti, kuka mai sauti, maza suka kau da kai suka ba shi wuri.

Da ta fito ya miƙe da ƙyar. Tsohuwar ta daɗe tana ɓoye masa jikinta, ya san akwai abin da ba ta son ya gani, sai ya tambayi Ummu Azab cikin raɗa ko ta ga alamar ta sha wahala. Ta ce abin da mai wanka ta gani a ɗakin yake tsayawa, ko ɗa ba a gaya wa. Ta ce ya shiga ya yi sallama da uwarsa, ta yi kyau. Da masu motar suka zo ɗauka, ta tsaya a kansu tana cewa a hankali da Hagga, ku kula da kan Hagga, har direban da ya shigo yana sauri ya koma tafiya a kan yatsu. Sannan ta sha shayi, ta kama hanyar jirgin fito. Washegari ta koma lambunta.

Kwana goma ya yi a arewa. Da ya dawo mutane suka zuba ido su ga ko zai ba ta haƙuri. Bai ba ta ba. Irinsu ba su iya wannan ba, wuyansu ba ya lanƙwasuwa ta nan. Kwana biyu yana wuce ta a lambu yana gaishe ta da ya Hagga, alhali kuwa ba ta taɓa zuwa Makka ba. A rana ta uku, Litinin, bayan an rufe ƙofa baƙi sun watse, Am Gad ya zo yana washe baki ya ce ta ajiye tsintsiya, ana nemanta a ɗakin ƙarshe.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama, ba shugaba ta yi wa ba, kowa ya san haka. Yana tsaye da takarda da alƙalami, Ustaza Damyana na gefe da wani dogon kwali. Ya ce mata a kundin gidan lambar tana nan ba za ta goge ba, kalmar da ke littattafai ma tana nan, shi har yanzu bai ga laifinta ba. Amma kwalin da mutane ke karantawa zai sauya shi, ya yi kwana biyu yana rubutawa yana yagawa. Ita me take ganin ya kamata a rubuta? Ya yi saurin ƙarawa cewa ba zai iya rubuta addu'a ba, nan ba masallaci ba ne ba coci ba.

Ta ce ita ba ta roƙi addu'a ba. Ta ce ya rubuta yadda zai ba da labarin maƙwabciyarsa ga baƙon da bai san ta ba. Ta juya ga Damyana ta tambaye ta abin da suka sani na gaskiya. Damyana ta ce hoton ƙashi ya nuna ta kai shekara arba'in ko sama kaɗan, haƙoranta sun cinye saboda yashin da ke cikin burodinsu, kuma ta taɓa karyewa a hannun hagu ta warke sarai, alamar an yi jinyarta. Ummu Azab ta jinjina kai ta ce ashe tana da masu sonta. Ta ce a rubuta wannan. A rubuta kuma cewa tana da suna, mu ne bai iso gare mu ba, kada wani ya ɗauka ita ce ba ta da shi.

Ya rubuta, ya soke, ya sake rubutawa, sannan ya karanta mata: "Wata mata ce daga wannan yanki. Ta rayu kimanin shekara arba'in, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Ta taɓa karyewa a hannu, aka yi jinyarta ta warke. Da ta rasu, danginta sun shirya jikinta da kulawa don ya daɗe. Tana da suna, amma bai iso gare mu ba." Ta sa ya maimaita. Ta ce ya yi, sai dai ya ƙara girman rubutun saboda tsofaffi.

Sai Damyana ta buɗe dogon kwalin. Farin lilin ne, marar rini, an wanke shi an shirya shi yadda aikinsu ya tanada. Ta ce za a buɗe gilashin na minti goma kacal, ba a taɓa fata, yadin kawai ake riƙewa, kuma aikin na mutum biyu ne. Ta miƙa wa Ummu Azab safar hannu da takunkumi. Ummu Azab ta dubi safar, ta dubi Dakta. Ya gyaɗa mata kai.

Ma'aikata biyu suka kwance kusoshi, suka ɗaga murfin suka jingine shi a bango. Wani ƙamshi ya taso, tsoho, mai kama da na ƙaro. Shekara ashirin da shida tana ganin fuskar nan ta bayan gilashi, yau ga ta babu komai a tsakaninsu. Damyana ta taimaka wa Ummu Azab ta zura safar. Dakta ya matso kusa don ya ga yadda za a yi, Am Gad da ma'aikatan biyu suna leƙe ta bayansa.

Ummu Azab ta ɗago ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Maza a waje," in ji ta.

Am Gad ya zaro ido ya dubi shugaba. Doka ta ce ba a buɗe akwati sai shugaban gida yana tsaye a wurin, kowa a ɗakin ya san wannan, ita ma ta sani. Sai Dakta Ra'fat ya sa alƙalaminsa a aljihu, ya ce wa Damyana yana nan bakin ƙofa, ya tasa sauran a gaba suka fita. Shi da kansa ya ja ƙofar.

Suka warware yadin, Damyana ta kama gefe ɗaya, ita ta kama ɗaya. Ta zagaya ta tsaya ta dama. Hawaye suna gangarowa cikin takunkumin, ba ta da hannun share su.

"Ni ce, ya Sitt," in ji ta. "Ki yafe mana. Mun bar ki a buɗe da yawa."

Suka sauke lilin ɗin a hankali tun daga wuya, ya rufe ƙirjin, ya rufe gwiwoyin. Ta bi gefensa da yatsa tana daidaitawa, ta ja shi kaɗan don ya sauka bisa yatsun ƙafa. Ta ja da baya ta duba, ta dawo ta gyara wata 'yar tattara a kafaɗa. Sannan ta je ta buɗe ƙofa ta ce musu yanzu suna iya shigowa.